Shekarar da Na Goya Kare

Kafin wani ya riga ni gaya muku, gara ku ji daga bakina. E, na goya kare. Hoton nan da ke yawo a wayoyin dangin babanku ba haɗi ba ne, ni ce, kuma da hankalina na ɗaura zanen. Ke Amira yanzu shekararki biyar, kai Sadiƙ ko yaye ba a yi maka ba, amma na san gidanmu. Wata rana a wajen wani suna ko biki, wata gwaggo za ta jawo ku gefe ta nuna muku, ta ce ga abin da uwarku ta yi a Malesiya lokacin da kanta ya taɓu. Kaina bai taɓu ba. Ga yadda aka yi.

Ina da shekara ashirin da ɗaya babanku ya samu tallafin karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ya ɗauke ni muka tafi. Mun zauna a Danau Kota, a wani dogon bene, hawa na goma sha ɗaya. Shi ya fita tun safe, ba ya dawowa sai magariba. Ni sakandare na gama, Turancina na gaisuwa da ciniki ne, ga shi ban iya zama wuri ɗaya ba. Tun ina yarinya Umma take cewa ko ruwa na ɗora sai na buɗe murfin sau uku kafin ya tafasa. To ku yi tunanin irina an kulle ta a sama, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za ki leƙa ta katanga ki ari garwashi. Yanzu kam ina kewar wurin. Ina kewar ruwan da ke saukowa kullum bayan la'asar kamar an yi masa alƙawari, da warin kwalta idan ya ɗauke, da ranar Asabar da muke shiga jirgin ƙasa mu je kasuwar Masjid India in yi ta shafa yadudduka ba na saye, babanku yana tsaye yana duba agogo. Amma a wancan lokacin, sau nawa na ce masa ya mayar da ni Kano.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar China, Anti Mei. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana aiki a wani gari, gwiwoyinta sun lalace, da sanda take tafiya. Wata shida muna gaisawa da ka kawai. Ranar da muka san juna ita ce ranar da na yi ɓari. Cikin wata huɗu ne, na farko. Babanku yana makaranta, wayarsa a kashe, na ja jiki na buɗe ƙofa na faɗi a bakinta. Wannan tsohuwar da ba ta iya sauka ta sayo burodi ita ta kira mota, ta riƙe kaina a cinyarta har asibiti. Bayan an sallamo ni, ta ƙwanƙwasa da wata tukunya a hannu. Kafin ta ce komai sai ta juya gindin tukunyar ta nuna mini takardar kanti a manne.

"Sabuwa ce," in ji ta. "Alade bai taɓa shiga ba. Kazar ma a wurin Musulmi na aika aka sayo. Makan, makan."

Makan shi ne ci. Miyar kaza ce da citta mai yawa, ba gishiri, ba yaji, ba daɗi. Kwana goma tana kawowa, kwana goma ina shanyewa. Ku riƙe wannan, don duk wanda ya ba ku labarin goyon bai san da tukunyar ba.

Bayan wata uku ɗanta ya zo ya kawo mata ɗan kwikwiyo, wai ya ɗebe mata kewa. Ja ne, kunnuwa a kwance, bai fi tulun shayi girma ba. Ta sa masa suna Kopi, wato kofi, saboda launinsa. Ɗan ya kwana biyu ya koma abinsa, ya bar wa mai ciwon gwiwa jaririn kare a hawa na goma sha ɗaya. Ban taɓa jin dariyar Anti Mei ba sai da Kopi ya zo. Ta bango nake jin ta tana yi masa hira da yarensu tun safe. Amma kare ba ya cin hira kawai, yana ci yana fitarwa. Ta shimfiɗa masa jaridu, ya yayyaga su ya yi a gefe. Tana buɗe ƙofa ya fice a guje ya tsuguna a baranda. Kuma duk ƙofofin da ke hawan nan, ba wadda ya fi so sai ta Haji Rosli, wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, mai ritaya, shugaban kwamitin gidan, wanda yake jera takalmansa a waje kamar na sayarwa. Su kuma mutanen can, abin da kare ya ɓata sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Sau biyu na ga dattijon nan a tsugune da bokiti da laka yana wanke takalmin masallaci. A na biyun takarda ta zo. Anti Mei ta kawo mini in karanta mata. An ba ta wata ɗaya. Idan aka sake samun ƙazanta a baranda ko a cikin lifta ko sau ɗaya, ko kuma watan ya cika karen bai koyi yi a waje ba, za a raba ta da shi.

"Sau huɗu a rana, sau biyar," ta ce, tana bubbuga gwiwarta. "Ba zan iya ba lah." Mutanen can da lah ɗin nan suke rufe magana.

Ban yi shawara da kowa ba na ce zan yi. Da babanku ya dawo na bari ya ci abinci sannan na faɗa masa. Ya ajiye cokali.

"Kare, Ruƙayya?"

"Kwikwiyo ne, Malam."

"Kwikwiyo ɗan akuya ne?"

"Matar nan ta riƙe ni ina zubar da jini lokacin da wayarka take kashe."

Na san maganar ta yi masa zafi, da gangan na faɗa. Can ya ce to, amma da sharaɗi: karen ba zai taka mana ɗaki ba, in ware kayan da zan riƙa sawa in bar su a waje, kuma in wanke hannu yadda mutanen garin suke wankewa. Na ɗebo ƙasa a tsohon gwangwanin madara na ajiye a bayan ƙofa. Hijabi ɗaya da zane ɗaya na sadaukar.

Satin farko ɓarna na yi. Ni abin da na sani game da kare shi ne abin da na gani a unguwarmu: idan ya yi ba daidai ba, ka daka masa tsawa ka jefe shi da takalmi. Duk inda na ga ya jiƙa, sai in kamo shi in nuna masa in ɗala masa silifa. Anti Mei tana zaune tana runtse ido kamar ita nake duka, amma ba ta hana ni ba, ta ɗauka na san abin da nake yi. Cikin kwana biyar Kopi ya koyi darasi sarai, sai dai ba wanda nake nufi ba. Ya gane cewa yin fitsari a gaban mutum shi ne laifi. Sai ya koma yi a ɓoye: ƙarƙashin gado, bayan firij, bayan ɗan teburin da hoton mijinta yake. Idan na kai shi ciyawa, sai ya zauna ya zuba mini ido yana rawar jiki, ya riƙe abinsa, muna komowa ya shige lungu ya saki. Kwana bakwai sun tafi a banza. Na kira Umma, na faɗa mata komai, ban ɓoye ba.

"Reno aka kai ki ki yi wa kare a Malesiya?" ta ce. "Allah ya shirye ki. To ke da aka tsugunar da ke da duka aka yi?"

"Ni kare ce, Umma?"

"Kin fi shi taurin kai. Wata huɗu gare ki na fara ɗora ki a ƙafafuna. Kina farkawa in ɗora ki, kina gama shan nono in ɗora ki. Ba na jira ki ɓata zane sannan in yi faɗa. Ina kallon fuskarki, in riga ki. Idan kin yi in yi miki rawa. Abu mai rai duk ɗaya ne, ki riga shi, ki daina bin sa da takalmi. Kuma ki wanke hannunki kafin ki taɓa Alƙur'ani."

Haka na yi. Na jefar da silifar. Ina idar da sallar asuba sai in sauya kaya in tsallaka, don lokacin yake farkawa. Sai bayan ya ci na safe, bayan barcin rana, bayan la'asar, da bayan magariba. Na koyi kallon sa yadda Umma ta ce. Idan ya sunkuyar da hanci ya fara zagaye wuri ɗaya, to saura ƙiris. Amma sai ga wata matsala. Daga ƙofar Anti Mei zuwa ciyawar da ke bayan wurin ajiye motoci akwai baranda, akwai jiran lifta, akwai hawa goma sha ɗaya. Marar jariri ba ta kai nan. Rana ta farko ya saki a cikin lifta, Allah ya taimake ni ba kowa, na goge da gefen zanena kafin ƙofa ta buɗe. Sai na lura da abu ɗaya: muddin yana ɗauke, ba ya yi. Na gwada rungumar sa, amma yana mutsu-mutsu yana neman lasar fuskata, ga lema a hannu, ga leda, ga tsumma, ga igiya. Ban zauna na yi wani dogon tunani ba. 'Yar Kano ce ni, abu yana mini nauyi a hannu, ina da baya. Na sunkuya, na ɗora shi, na ja zane na ɗaure, na saki hijabi a kai. Ya yi tsit. Kafin mu kai ƙasa ya ɗora haɓarsa a kafaɗata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda na ce gaskiya zan faɗa. Ɗumin nan a bayana, da bugun ƙaramar zuciya a tsakanin kafaɗuna, na ji shi har cikin raina. Da cikin nan ya tsaya, a wannan watan ne zan haihu. Na san kare ne, ban taɓa mantawa ba ko na minti ɗaya. Amma akwai safiyar da na tsaya a lifta hawaye na zuba, ban sauke shi da wuri ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tsayuwa. Ki sauke shi a wuri ɗaya kullum, gindin wata bishiya mai jan fure, ki tsaya kamar an dasa ki. Ba magana, ba jan igiya. Shi kuma ya bi malam-buɗe-littafi, ya ciji ganye, ya zauna ya sosa kunne. Sauro na cin ƙafata, ruwa na dukan lema, ni da ban iya jiran shinkafa ta nuna ba. Rana ta uku da fara goyon, bayan kusan rabin awa, ya zagaya sau biyu, ya dube ni a tsorace yana jiran silifa, sannan ya tsuguna. Na riƙe numfashi har ya gama. Sai na ciro ɗan naman kazar da Anti Mei take dafa masa na ba shi, na kuwa yi masa rawar da Umma ta ce, a gaban mai gadi. Da na ɗaga kai, can sama na hango tsohuwar a taga tana kaɗa tawul. Daga ranar abin ya fara tafiya. Yau ya kuskure sau biyu a ɗaki, gobe sau ɗaya, jibi babu. Idan ya kuskure in goge in yi shiru.

Saura kwana goma wata ya cika, lifta ta tsaya a hawa na bakwai, Maman Ilham ta shigo. Matar wani ɗalibi ce ɗan Katsina, tare muke zuwa karatun mata ranar Lahadi. Ta ga tudu a bayana ta washe baki.

"A'a, Ruƙayya, ɗan wa kika samo? Mu ga fuskar."

Kafin in kauce ta ɗaga hijabin. Kopi ya lashi yatsanta. Ta ja da baya har ta bugi bango, tana riƙe da hannun nesa da jikinta kamar ba nata ba.

"Innalillahi. Ruƙayya, lafiyarki?"

"Ƙalau. Fitsari zan kai shi."

"A bayanki? Bayan da za ki goya 'ya'yan Musulmi?"

"Bayan nawa ne, Maman Ilham. Akwai ƙasa a gwangwani a ƙofarmu in kina so."

Da na yi mata bayani a hankali, wataƙila da abin ya tsaya nan. Ban iya ba, har yau ban iya ba. Ina fita ta ɗauke ni hoto ta baya, kan Kopi a waje. Ta ce wa matan karatu don a yi mini addu'a ta tura. Kwana ɗaya ya isa Kano. Washegari da yamma na ji babanku a ɗaki yana ta "E, Hajiya. A'a, Hajiya. Lafiyarta ƙalau, Hajiya." Kakarku ce. An gaya mata rashin haihuwa ya zautar da matar ɗanta, har tana shayar da kare. Ta ce a sa ni a jirgi a dawo da ni a yi mini ruƙiyya. Da ya fito bai ɗaga murya ba, babanku ba ya ɗaga murya, shi ya sa faɗa da shi ba daɗi.

"Na ce ki taimaki tsohuwa. Ban ce ki goya shi ba."

"Ba ka ce kada in goya ba."

"Wa zai yi tunanin sai an faɗa?" Ya zauna ya dafe kai. "Uwata tana kuka a waya, Ruƙayya. Daga yau an gama."

"Saura kwana tara, Malam. In na bari yanzu, za su ɗauke shi, ta koma magana da bango."

Mun daɗe a kai. A ƙarshe ga abin da muka tsayar: zan ƙarasa kwana taran, amma ba goyo, ba ɗauka, da ƙafarsa zai taka. Kuma ranar da wata ya cika, na gama da karen nan, ko shafa kansa ba zan sake yi ba. Ya ce in yi alƙawari. Na yi. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba sai daga baya.

Washegari Juma'a ce. Da safe na sha da ƙyar, don na ja shi a guje ba kowa a hanya. Na rana shi ne abin tsoro, lokacin da maza ke fita masallaci. Na ce wa Anti Mei ta ɗauko sandarta, yau da ita za a sauka, tunda nan da kwana tara ita za ta riƙa yi.

"Gwiwata," ta ce.

"Gwiwarki ko karenki, Anti. Zaɓi ɗaya."

Ta harare ni, ta ɗauko sandar. Muka fito, igiya a hannunta, ni a gefe. Kopi ya wuce takalman Haji Rosli, ya ja hanci wajensu, na ce "kai" a hankali, ya wuce. Lifta ta zo muka shiga. Ƙofa na shirin rufewa sai ga hannu ya tare ta. Haji Rosli ne da kansa, cikin fararen kayan Juma'a, yana ƙamshin turare. Ya dubi karen, ya dube mu. Na ɗauka zai jira ta gaba. Sai ya shigo ya tsaya a lungu, ya tattare bakin wandonsa. Ƙofa ta rufe. A hawa na tara lifta ta tsaya, wasu maza biyu suka ga kare suka ja da baya, ƙofa ta tsaya a buɗe tana jiran lokacinta. Kopi ya sunkuyar da hanci. A hawa na takwas ta sake tsayawa, haka dai. Ya fara zagaye, taku ɗaya tsakaninsa da farin takalmin dattijon. Hannuwana har sun miƙa da kansu, na mayar da su na harɗe a ƙirji. Na shiga yi masa magana ƙasa-ƙasa da Hausa, yi haƙuri, saura kaɗan, yi haƙuri ɗan albarka, ni da ban taɓa ba kowa haƙuri ba. Anti Mei ta rufe ido. Da lifta ta tsaya a hawa na shida, sai na ga Haji Rosli ya miƙa yatsa ya danna maɓallin rufe ƙofa tun ba ta gama buɗewa ba. Ya bar yatsan a kai. Haka ya yi a na huɗu, haka a na biyu, yana ce wa na waje su yi haƙuri su jira ta gaba.

Muna isa ƙasa Kopi ya ja igiya, tsohuwar na bin sa da sanda, ƙwas, ƙwas, tana zagin gwiwarta da yarensu. Ya wuce motoci, ya wuce mai gadi, ya je gindin bishiyar, ya zagaya ya tsuguna. Ya daɗe yana yi. Na juya na ga dattijon bai tafi ba, yana tsaye a inuwa da darduma a kafaɗa.

"Ni ba ni da matsala da tsohuwar nan," ya ce mini. "Shekara ashirin muna maƙwabtaka, na je jana'izar mijinta. Takalmina kawai nake so in tarar a bushe."

"Za ka tarar, Haji."

"Boleh lah," ya ce, wato ya yiwu ke nan. Ya duba agogo ya wuce masallaci.

Takarda ta biyu ba ta taɓa zuwa ba. Kwana taran nan na bi su ina rage hannuna, ranar farko ina gefenta, ta biyar ina bayanta, ta ƙarshe ina sama a taga. Tana sauka a hankali, tana hutawa a kan bencin mai gadi, amma tana sauka. Har ta saba da masu sayar da kayan miya a bakin titi, matar da ta shekara ba ta sauka ko sayen burodi ba. Matan karatu kuwa sun daɗe ba sa cin abin da na dafa, Hajiya ma sai da aka haife ki, Amira, sannan ta yarda da hankalina. Wannan bai dame ni ba kamar yadda suke zato.

Abin da ya dame ni alƙawarin ne. Mun ƙara shekara biyu a gidan, kuma na cika shi. Amma shi Kopi ba a yi da shi ba. Duk fitar da za su yi, sau huɗu a rana, sai ya ja igiya ya zo ƙofarmu, ya kwanta ya tura hanci ta ƙarƙashi yana shaƙa. Ina jin Anti Mei tana lallashinsa, tana cewa ta tafi kasuwa, ba ta nan, zo mu je. Ni kuwa ina nan, taku biyu daga ƙofar, wani lokaci da ludayi a hannu, wani lokaci da ke, Amira, goye a baya. Sai in tsaya cik har in ji ƙarar sandarta ta yi nisa, lifta ta buɗe ta rufe, sannan in koma kan girkina.